Korona ta wuce, me ya sa ƙanena bai dawo daidai ba?

"Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ina sayar da atamfa a Kejetia. Ƙanena shi ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, kuma ni nake biya masa kuɗin makaranta. Yana shekarar farko aka rufe makarantu saboda korona, ya dawo gida. A cikin azumin shekarar nan ta 2020 Allah ya yi wa Babanmu rasuwa. Tun daga nan yaron nan bai koma yadda yake ba. Da aka buɗe ya koma, amma ya faɗi darussa, daga baya ya ajiye karatun da sunan hutun shekara ɗaya, ga shi har yau yana ɗaki. Da rana barci, da dare waya. Ya rame, ba ya son magana, in an matsa masa sai faɗa. Mma, mahaifiyarmu, ta ce hannu aka sa masa, an yi rubutu an yi ruƙiya. Kawunmu ya ce lalaci ne kawai. Abokansa duk sun sha wannan wahala amma sun gama. Me ya sa shi kaɗai? Kuma 'yata za ta shiga jami'a bana, me zan koya mata ko da irin wannan ta sake faruwa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa. Ke kuma Allah ya biya ki, don ba kowace yaya ce za ta wuni a kasuwa ta biya wa ƙane kuɗin jami'a, sannan da abin ya lalace ta zauna neman dalili maimakon ta yi fushi ta zare hannunta ba.

In na fahimce ki, kina son sanin ko wahalar 2020 za ta iya riƙe mutum har yau, me ya sa ta kama shi ta bar abokansa, da abin da za a yi masa yanzu, a kuma yi wa 'yarki riga-kafi. Aikina shi ne zama da ɗalibai masu irin wannan matsala, tun kafin annobar nake yin sa, kuma ni ma 'yar zango ce, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Gana, na san irin gidan da kike magana a kai ko ban shiga ba. Sai dai in faɗa miki iyakata tun yanzu: ban ga ƙanenki ba, ban ji ta bakinsa ba, kuma ba a sa wa ciwo suna daga wasiƙa. Abin da kika zana ya yi kama ƙwarai da ciwon damuwa wanda ya haɗu da makokin da bai samu hanyar fita ba. Tabbatarwa kuwa sai likita ya gan shi ido da ido.

Abin da aka ƙwace wa ɗalibi a wata goma

Ran 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko masu korona a Gana. Daren Lahadi 15 ga wata Shugaba Akufo-Addo ya yi jawabi, washegari Litinin aka rufe makarantu tun daga na yara har jami'o'i, aka hana taro, har da sallar jam'i da Juma'a. Ina tuna yadda yara suka cika bakin titi a Ayeduase da Kotei, unguwannin ɗalibai da ke kusa da jami'a a nan Kumasi, da jakunkuna suna jiran mota, da yawansu sun bar littattafai da tukunyar girki a ɗaki don sun ɗauka mako biyu ne ko uku. Ran 30 ga Maris aka sa Akra da Kumasi a kulle na mako uku. An ɗage kullen ran 20 ga Afrilu, amma masallatai ba su buɗe ba sai 5 ga Yuni, wato azumin shekarar ya wuce gaba ɗaya babu tarawihi a masallaci, babu zaman tafsiri, babu filin Idi. 'Yan ajin ƙarshe sun koma ran 15 ga Yuni don jarrabawa. Akasarin sauran, irin su ƙanenki, ba su sake zama a aji ba sai Janairun 2021.

A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata ne abin ya fi taɓawa. Amma a cikin ɗaliban da na zauna da su, kaɗan ne suka zo mini da tsoron cutar kanta. Abin da ya karya su shi ne rushewar tsarin yininsu.

Ga ɗan zango, jami'a ta wuce aji. A can ne ya fara samun gadon kansa, tebur, fitilar da ba wanda zai ce masa ya kashe, ɗakin karatu shiru, da lokacin da yake nasa. Rana ɗaya aka mayar da shi gidan yawa, ɗaki ɗaya da mutum huɗu ko biyar, aka ce ya ci gaba da lakca a waya, a daidai lokacin da ciniki ya tsaya kuma kuɗin data ya zama abin lissafi. Nan ne wani abu ya shigo wanda iyaye ba su lura da shi ba: datar tsakar dare ta fi araha. Wani yaro ya ba ni labarin yadda yake jira kowa ya yi barci, ya fito tsakar gida ya kifa bokiti kusa da famfo ya zauna, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa, yana sauke bidiyon lakca har a yi kiran sallar farko. Sai ya yi sallah ya kwanta, ya tashi da azahar. Neman ilimi da ƙaramin kuɗi ne ya juya masa dare da rana, amma jiki ba ruwansa da dalili.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da hasken safiya yake saitawa kullum. Shi ke tsara lokacin barci, lokacin yunwa, da lokacin da jiki ke da kuzari. In mutum ya yi watanni bai ga hantsi ba, yana kallon hasken waya cikin dare, agogon nan sai ya karkace, kuma lalacewar barci da ciwon damuwa suna jan juna, kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Saboda haka wannan "da rana barci, da dare waya" da kika rubuta, ki ɗauke shi da muhimmanci: alama ce, kuma yana cikin abubuwan da ke hana shi warkewa.

Rasuwar Baba

Wannan shi ne wurin da na fi tsayawa a wasiƙarki. A lokacin da Baba ya rasu, doka ta taƙaita jana'iza ga mutum 25. Ki tuna yadda muke makoki a zango: a kafa rumfa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, mutane su yi ta shigowa daga Asawase da Sawaba da Tafo, wasu daga Tamale ko Akra, a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Kowa ya zo sai ya faɗi wani alherin mamacin, ɗan mamaci yana zaune yana amsa gaisuwa har bakinsa ya gaji da "na gode". Wannan gajiyar tana da amfani. Ta haka zuciya ke yarda, sannu a hankali, cewa lallai mutumin ya tafi, kuma ba kai kaɗai ka yi rashi ba. Ƙanenki bai samu wannan ba, ko ya samu kaɗan. Kuma shi namiji ne, na tabbata an ce masa ya daure, shi ne babba yanzu, kada ya sa Mma kuka. Yaran da aka faɗa wa haka sukan haɗiye kukan, ya zauna musu a ƙirji shekaru. Likitoci sun san da irin wannan makoki mai tsawo wanda yake hana mutum gudanar da rayuwarsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022.

Ki haɗa da nauyin zama na farko. Duk unguwa ta san ɗan gidanku yana jami'a, tun yana shekarar farko ana kiransa injiniya ko lauya. Ya san kowane sidi da kika biya daga yadi nawa ya fito. Yaron da ke ɗauke da wannan, in ya faɗi darasi, a ransa amana ya ci. Da yawa sun ce mini sun gwammace a ce ba su da kunya da a ce sun kasa, shi ya sa faɗa ya fi musu sauƙi a kan bayani. A samari kuma ciwon damuwa yakan fito da saurin fushi fiye da kuka.

Me ya sa shi, ban da abokansa

Ruwa ɗaya ne ya sauka a unguwa, amma ba kowane ɗaki ya yi yoyo ba. Wani abokinsa ya koma gidan da yake da ɗakinsa da kwamfutarsa, wani bai yi rashin uba ba, wani kuma halittarsa ce ta fi jure girgiza. Ciwon damuwa yana bin jini a wasu gidaje kamar yadda hawan jini da ciwon suga suke bi. Shekarunsa ma sun faɗa daidai gaɓar: bincike ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na matsalolin ƙwaƙwalwa suna fara bayyana ne kafin mutum ya kai 25. Sannan takardar kammalawar abokan nan kika gani, ba ki ga cikinsu ba. Na san waɗanda suka gama da sakamako mai kyau suna shan magani, ko iyayensu ba su sani ba.

Dalilin da ya sa abin bai tafi da korona ba kuwa, shi ne ciwon yana ciyar da kansa. Ya faɗi darasi, ya ji kunya, ya daina ɗaga wayar abokai. Rashin ɗagawar ya ba shi sauƙi na ɗan lokaci, sai ya ƙara. Ya daina zuwa masallaci don kada a tambaye shi yaushe zai koma. Kowane abu da ya guje wa sai ya ƙara girma a idonsa, ɗakin ya zama wurin da kaɗai ba a tambayarsa, kuma a ɗakin babu abin yi sai tunani. Yanzu abokansa sun yi bautar ƙasa, wasu sun yi aure, ratar ta ƙara faɗi. Annobar ce ta tura shi ramin, amma yau abin da ke riƙe da shi shi ne wannan gujewar da juyewar barci.

Hanyoyin da ɗalibai suka bi

Kowa ya nemi abin da zai rage masa zafi. Wasu hanyoyin suna ba da sauƙin dare ɗaya su karɓi ladansu da riba. Na ga waɗanda suka faɗa cacar ƙwallo ta waya, da farko don neman kuɗin data, daga baya kuɗin makaranta ya tafi. Na ga masu tiramadol, wanda ƙarfin da hukuma ta amince da shi miligiram 50 da 100 ne, amma na bayan fage yakan kai 225, kuma yana iya jawo farfaɗiya. Akwai wiwi, akwai maganin barci da ake saya a kemis ba takardar likita, akwai kwana kan labaran mace-macen Italiya da Amurka. Ban ce ƙanenki yana ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma dole a tambaya, cikin mutunci, domin amsar tana canza irin maganin da za a ba shi.

Waɗanda suka fita da sauƙi kuwa, ba lallai su ne suka fi kaifin ƙwaƙwalwa ba. Abin da na ga ya haɗa su shi ne yininsu yana da ƙashi, kuma akwai wanda ke jiransu. Wata yarinya ta mayar da zauren gidansu aji, kullum ƙarfe tara tana koya wa yaran gidan lissafi, kuma ta ce mini yaran ne suka hana ta kwanciya, don tun takwas da rabi suke buga mata ƙofa da allunansu. Wani yana taya uwarsa kwasar koko da asuba. Wasu mutum huɗu suka raba darussa, kowa ya sauke ɗaya ya tura wa saura, suna kiran juna kowace Laraba. Wasu kuma salloli biyar ne suka riƙe musu lokaci: ko da masallaci a rufe, sun tsayar da jam'i a tsakar gida da mutanen ɗakinsu. Na daɗe ina faɗa wa abokan aikina waɗanda ba Musulmi ba cewa abin da littattafanmu ke wahalar koya wa mai ciwon damuwa, wato ya tashi lokaci ɗaya kullum, ya wanke jiki, ya motsa, ya haɗu da mutane, mu an riga an shimfiɗa mana shi sau biyar a yini.

Maganar sammu da maganar lalaci

Kada ki yi jayayya da Mma. Uwa ce da ta ga ɗanta ya canza a gabanta, ta nemi bayani a cikin abin da ta sani, kuma addu'arta alheri ce a gare shi. Abin da nake roƙo shi ne kada addu'a ta zama dalilin ƙin asibiti. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma shi da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda yake sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Wannan ilimi namu ne tun da daɗewa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, ɗauri da sarƙa, hayaƙin da ke shaƙe mutum, ko a ce ya bar maganin likita. Malamin kirki ba ya hana asibiti, kuma na yi aiki da limamai da dama waɗanda su ne ma suke turo mini yara.

Kawu kuwa, da girmamawa, bai yi daidai ba. Malalaci yana jin daɗin zamansa, yana ci yana ƙiba, in an ce biki ya riga kowa. Wanda ya rame, ya bar abokai, ya bar ƙwallon da yake so, ba daɗi yake ji ba. Kuma duk sunan da aka kira shi da shi a tsakar gida, ya riga ya kira kansa da wanda ya fi shi muni a ɗaki.

Abin da za ki yi

Fara da zama da shi ke kaɗai, ba taron dangi ba. Taron dangi kotu ce a wurinsa. Ki zaɓi lokacin da yake farke, bayan isha'i misali, ki shiga da abinci, ki zauna gefensa. Kada ki buɗe da maganar makaranta ko kuɗi. Ki ce masa kin ga yana shan wahala tun rasuwar Baba, kuma ba ki zo don faɗa ba. In ya yi shiru, ki jure shirun. Mun tashi da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, don haka wanda ya shekara yana ɓoyewa ba zai zazzage a dare ɗaya ba. Watakila sai zama na uku. Wata magana kuma da ke kaɗai za ki iya faɗa masa: cewa kuɗin da kika kashe ba bashi ba ne. In har haka yake a ranki, ki furta, ya ji da kunnensa.

Akwai tambayar da take da nauyi a baki amma dole ce. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, an bincika wannan sosai, yawanci ma sauƙi take kawowa. In ya ce eh, kada ki yi salati ki hau wa'azin wuta, ya san hukuncin, kuma saninsa na cikin abin da ya sa ya kasa faɗa wa kowa. Ki kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Lambar gaggawa 112 ce. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ku: a Maris 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Haka nan in yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya ce ana bin sa, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta zuba da kashe kuɗi, ko ya daina ci da sha, wannan ma ba a jira.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, duk da haka ya ga likita a cikin makon nan ko na gaba. Mizaninmu shi ne mako biyu na ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai tare da lalacewar barci, ci da natsuwa. Shi ya haura wannan da shekaru. A nan Kumasi akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, akwai a asibitin Tafo, kuma asibitocin gundumomi suna da nas-nas da aka horar kan wannan. Ba sai an je manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba, kuma yawancin masu irin matsalarsa ba a kwantar da su. In kalmar ƙwaƙwalwa za ta sa ya ƙi, ku fara da likitan yau da kullum a kan rama da rashin barci, gaskiya ce ai. A duba jininsa da maƙoshinsa, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kama da ciwon damuwa. Mutanenmu ba kasafai suke cewa "ina baƙin ciki" ba. Cewa suke kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina, in na ɗauki littafi ba ya shiga. Tun 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke a wurin ɗaliban Nijeriya. Na sha ganin yaron da aka yi wa maganin zazzaɓi da taifot sau huɗu kafin wani ya tambaye shi yadda yake kwana.

In an ba shi magani, ku sani ba ya aiki kamar na ciwon kai. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya ko rashin natsuwa, kuma a makonnin farkon nan a sa ido sosai a kan matashi, in ya ƙara rikicewa a koma wurin likita. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, ba a yanke shi rana ɗaya. Mafi yawan komawar ciwon da na gani daga nan take: an ga ya fara dariya, sai gida ya ce ya warke, a ajiye ƙwaya. Magani kuma ya fi aiki in an haɗa shi da zaman tattaunawa da ƙwararre.

A gida, aikinku shi ne mayar masa da yini, kaɗan-kaɗan. Kada ku jira sai ya ji sha'awa, a wannan ciwo motsi ne ke zuwa kafin sha'awa. Wanda barcinsa ya juye ba a gyara shi da tilasta masa kwanciya da wuri, lokacin tashi ake riƙewa. In yanzu azahar yake tashi, a ja shi baya da awa ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, kuma da ya tashi ya fita rana na minti ashirin ko talatin. Ataya da kofi su tsaya daga la'asar. Waya ta kwana a caji nesa da shimfiɗa. Sannan ki ba shi aiki na gaske wanda kike buƙata, kada ki ƙirƙiro na tausayi, zai gane. Ki ce lissafin shago ya rikice miki, ya zo sau biyu a mako ya rubuta miki shiga da fita. Ku je kabarin Baba shi da wani namiji da yake sakewa da shi, ko ku shirya saukar Alƙur'ani a gida, a ambaci Baba a gabansa, a bar shi ya yi kukan da bai yi ba. Za a samu ranakun da zai koma ɗaki, wannan ba ya nufin aikin ya rushe. Wasu kuma duk da an yi komai daidai sukan ɗauki lokaci mai tsawo, har a canza magani sau biyu, ba zan ɓoye miki ba.

Maganar komawa makaranta ta zo daga baya, amma abu ɗaya kada ya jira: a je ofishin sashensa a tambayi matsayin sunansa, domin hutun da aka ɗauka da izini yana da wa'adi. Takardar likita tana taimakawa ƙwarai a nan. Manyan jami'o'inmu, irin su Tek (jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi) da Legon (Jami'ar Gana da ke Akra), suna da cibiyar ba ɗalibai shawara, a nemi ta jami'arsa a shiga ta nan. In ya zamana ba zai koma wannan fannin ba, akwai karatun ƙarshen mako da na nesa, akwai sana'a. Lafiyarsa ce a gaba.

Ita kuma 'yarki

Ba sai annoba ta dawo ba. Yajin aikin malamai, rashin kuɗi, rasuwa ko faɗuwa jarrabawa duk suna iya yi wa ɗalibi abin da kulle ya yi. Ki sa ta, a makon farko, ta nemo inda cibiyar shawara take ta ajiye lambarsu tun tana lafiya. Ta shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko wata tawagar karatu, ta samu mutum biyu ko uku da za su lura in ba su gan ta ba. In har aka sake mayar da su gida, ke ce za ki tsare mata lokacin karatu, domin 'yan mata a kullen nan su suka ɗauki girki da wanki da reno, wasu ma aka fara yi musu maganar aure tunda "suna zaune". Ki ware mata awanni da kusurwar ɗaki, ki saya mata datar rana ko da ta fi tsada.

Kuma tun kafin ta tafi ki gaya mata da bakinki cewa in ta faɗi darasi, ke ce ta farko da za ta kira, kuma ba za ki yi ihu ba. Ta ga yadda kuka bi da kawunta, daga nan za ta auna ko maganar gaskiya ce. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta waya. In kin kira, kada ki tsaya a "ya karatu", don amsarsa kullum "lafiya lau" ce. Ki tambaye ta ƙarfe nawa ta kwanta jiya, me ta ci yau, kuma da wa ta ci.